Maganin Barcin Mama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya yara? Ka gaida min Anti.

Ka san tun rasuwar Baba barci ya ƙaurace wa Mama. To, likita ya rubuta mata magani, ya kuma ja min kunne: ƙwaya ɗaya in za ta kwanta, kada a haɗa da wani magani sai an tambaye shi, kuma nata ne ita kaɗai. Makon farko har minsharinta na ji, na ce alhamdulillahi. Amma ga wata sabuwa: maganin wata guda ya ƙare, wata ko rabawa bai yi ba. Na tambaye ta, ta ce wai ni da ta haifa zan tsare ta da tambaya? Wallahi na gaji. Ba mai sa ta dariya yanzu sai Gwaggo Mai Keke, telar nan ta ƙasan benenmu. Wuni suke tare, ita tana ɗinki tana tarin nan nata, Mama tana tsinke mata zare.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Biyu-biyu take sha, ba wani abu ba ne. Ki koma wurin likita ki faɗa masa gaskiya. In ya sake ba ku, ki kulle a akwatinki, ki riƙa ba ta ɗaya da hannunki, ki tsaya har ta kora da ruwa. Gara ta yi fushi da mu da a ce ta kwanta ba ta tashi ba.

Ki gaishe ta.
Yayanku

Yaya,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya.

Na yi yadda ka ce. Kullum in miƙa mata, ta kurɓi ruwa, ta ce, "Sannu 'yar sanda." Sai dai idonta kullum jajir, tana gyangyaɗi a zaune. Na ɗauka maganin ne ya daina kama ta.

Shekaranjiya har rana ta take Mai Keke ba ta buɗe shago ba. Aka ɓalle ƙofa, aka same ta kwance, numfashi da ƙyar, ga kwalbar maganin tari a gefenta. A asibiti likita ya tambaya ko ta sha wani abu bayan wannan. Sai Mama ta kwance bakin gyalenta. Ga ƙwaya nan, gefenta duk ya narke.

Ashe ƙarƙashin harshe take ɓoyewa, Yaya! In na juya baya ta fitar, ta ƙulle, da safe ta sauka da ita ta kai wa Mai Keke. Tun farko ma raba maganin suke yi. Da muka kulle, sai ta bar mata duka.

Na ce, "Mama, don Allah me ya kai ki?"

Ta ce, "Baiwar Allah tari ya hana ta runtsawa. In yi barci, ita tana ƙasana ido biyu? Ko gishiri ban taɓa hana ta ba."

Likita ya ce mai ciwon ƙirji irin na Mai Keke, ga maganin tari a kai, wannan ƙwayar danne numfashi take yi. Har yanzu ba ta farfaɗo ba. Mun kulle akwati, mun manta halin uwar da ta haife mu.

Ka sa mu a addu'a.
Auta

Auta,

Innalillahi. Kada ki yi wa Mama faɗa. Ya jikin Gwaggon? Ki sanar da ni halin da ake ciki.

Yayanku

Yaya,

Gwaggo Mai Keke ta rasu jiya da yamma. Allah ya jiƙanta.

Mama ta ƙi maganin, ta ƙi komawa wurin likita. Ba ta kuka, ba ta barci, tana zaune bakin taga. Ɗazu ta juyo ta ce min, "Kullum har godiya take yi min, Auta."

Ka zo. Ni ban san me zan ba ta ba.

Auta