Sunan Baba Sau Dubu Ɗaya da Ɗari Uku da Arba'in

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa 'yan biyu lafiya, ya raya su. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kaji, kin ga ke nan ta warke.

Yaya, abin da ya sa na rubuto shi ne faifan ajiyar nan na kwamfuta da na ba Kawu Direba ya kawo miki bara, wanda na naɗe a tsohuwar hular Baba. Ɗan Kwalisa, mai situdiyon da nake wa aiki, zai kira ki a kansa. Inna ce ta yi suɓutar baki ta gaya masa yana wurinki. Don girman Allah kada ki ba shi. Na san halinki, mutum na sassauta murya sai zuciyarki ta narke, shi ya sa zan ba ki labarin tun daga tushe.

Kin tuna wata bakwai ɗin da na yi ina ɗauko Baba zuwa situdiyo kafin rasuwarsa. Yakan zauna a kujerar nan mai gurguwar ƙafa, ya buga ganga sau ɗaya, mu jira sautin ya mutu, in ajiye, ya sake bugawa. Haka muka tara bugu dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in, kowanne a fayil ɗinsa, don masu haɗa kiɗa su riƙa ɗauka suna jerawa. Kowane fayil na raɗa masa suna a tsare. Farko BABA, sai irin gangar, sai da me aka buga, sai ƙarfin bugun daga ɗaya zuwa biyar, sai lamba. Idan kika ga BABA_Babba_Tafi_2_07, kin san babbar ganga ce, da tafin hannu, a hankali, bugu na bakwai. Ba sai kin saurara ba. Baba ya sha yi mini dariya, wai ko shi da ya haife mu bai wahala haka wajen sa suna ba.

Wata biyu da suka wuce na shiga da safe na tarar Ɗan Kwalisa ya goge sunayen nan kaf da dannawa ɗaya. Sun koma KWALISA_1, KWALISA_2, har ƙarshe, a cakuɗe, wai zai fitar da su a matsayin nasa. Da na yi magana, ya gyara tabarau ya ce sauti ba shi da uba, kuma idan ban ji daɗi ba ƙofa a buɗe take. Yaya, mutumin da Baba ya koya wa riƙon sandar kiɗa! Hannun Baba na rawa a watannin ƙarshe, sai ya huta tsakanin bugu da bugu. Na ɗauki jakata na fita, na yi kuka a bakin titi kamar ƙaramar yarinya, kuma ban yafe ba.

Abin da bai sani ba, don shi iyakarsa sa turare da gaisawa da baƙi, shi ne waƙar da ke cikin kwamfuta ba ta riƙe da gangar. Sunan kawai ta riƙe, da shi take kiranta. Wata mawaƙiya da ta yi shekara tana aiki a wurinsa da gangar Baba ta zo da mutanenta jin waƙoƙinta goma sha takwas. Aka kunna, ga murya, ga jita, ganga kuwa shiru. Kwamfuta na ta cigiyar BABA, babu mai amsawa. Mai sharar situdiyon ta ce mini Ɗan Kwalisa ya yi gumi har cikin takalminsa. Mawaƙiyar ta ba shi wata guda, ko ya gyara ko ta kwashe kayanta ta gaya wa duniya. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sai ga shi a ƙofar gidanmu yana kirana ƙanwarsa. Na bar shi a tsaye har na gama wanke-wanke. Sannan na ce zan taimaka, amma da sharaɗi. Shi zai zauna a kujerar Baba, ya kunna fayil ɗaya, ya saurara, ni in duba tsawonsa a littafin da na rubuta sunan kowane fayil da tsawonsa in faɗi sunan, shi ya rubuta da hannunsa. Ya tambaya ko babu hanya mai sauri, na ce ai hanya mai sauri ce ta kawo mu nan. Da yatsa biyu yake rubutu, Yaya, kamar kaza na tsattsagar gero. Idan ya manta sifilin gaban bakwai sai in sa ya goge ya sake.

Gaskiya ita ce faifan da ke wurinki yana ɗauke da komai da sunayensa na asali, kuma zai gama aikin nan cikin minti goma. Inna ta ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa kuwa, shi ya sa ba zan bari mawaƙiyar ta yi asara ba, na lissafa za mu gama saura kwana uku wa'adinta ya cika. Amma wanda ya ce sauti ba shi da uba sai ya rubuta sunan uban sau dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in, ko ɗaya ba zan rage masa ba. Yau ya kai ɗari huɗu da shida. Jiya na ji shi yana furta sunan a hankali kafin ya danna, ba tare da na faɗa masa ba.

In ya kira, ki gaishe shi da kyau, ki ce ba ki san inda kika ajiye ba.

Ki gaishe mini da maigidan, da 'yan biyu, da Gwaggo mai keken ɗinki, ki ce ina nan ina jiran rigata. Inna da Kawu Direba suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Autar Baba