Akwatin da ya ƙi manta ranar rasuwar Anti

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin in ajiye aikina, don na fara tsoron teburina.

A ofishin karɓar marasa lafiya na wani asibiti nake aiki. Wadda ta koya mini aikin, muna ce mata Anti, ta rasu ranar tara ga Afrilu. Ni aka ba kujerarta da kwamfutarta, har kofin shayinta yana nan cikin durowa. Duk sanda na buɗe jadawalin da take shigar da marasa lafiya sai hawaye, don haka na goge komai na sake tsari. Layin da take rubuta ranar sallama na mai da shi na lambar ɗaki da gado.

Rannan aka kawo wata tsohuwa, ɗaki na tara, gado na huɗu. Na buga 9-4. Ina ɗaga yatsa, ɗan akwatin jadawalin da na buga a ciki ya rubuta tara ga Afrilu da kansa. Na goge, na sake bugawa, ranar ta dawo. Na shiga wurin gyaran akwati, na tarar da sunaye: gama-gari, na musamman, na kanka. Wanne ne nawa? Ban taɓa ko ɗaya ba, na kashe kwamfutar. Tun ranar ban ƙara buɗe jadawalin ba, a takarda nake rubutu, shugabarmu kuwa ta fara harara. Maigidana ya ce kewa ce kawai. To kewa tana buga rubutu? Ko fushi Anti take don na goge aikinta?

Mai Kujerar Anti

'Yata, kwantar da hankalinki, Anti ba ta fushi da ke. Maigidanki ya yi gaskiya, akwai kewa, amma ke ma ba gizo idonki ya yi miki ba.

Madannin gogewa rubutu kawai yake ɗaukewa, umarnin da aka ba akwatin yana nan daram. Anti ta ce wa layin nan duk abin da ya shigo kwanan wata ne, shi kuma yana bin maganarta har yau. Kai, ko sabon jadawali ma yakan yi wa lambobi irin wannan shisshigi. Da kin buga 2-6, biyu ga Yuni za ki gani. Laifin na masu raɗa sunayen ne: sun ce gogewa ba su faɗi me ake gogewa ba, kuma babu mai karanta “gama-gari” ya san me zai samu.

Gobe ki zaɓi layin gaba ɗaya, ki mai da shi na zallar rubutu, sannan ki sake buga lambobin. Ki nemi wata ta tsaya kusa da ke in gabanki na faɗuwa. Kada ki bar aikinki.

Dacewar gadon da ranar kam, ba ni da bayaninta, Allah ne masani. Amma ki tuna me Anti take rubutawa a layin: ranar da mai jinya ya huta ya koma gida. Ranar da ita ma Anti ta huta ta koma gida kika gani ke nan, a inda ya dace da ita. Ki yi mata addu'a, ki wanke kofin ki sha shayi. Allah ya jiƙanta, ke kuma ya ba ki natsuwa.