Shafin Ƙarshe na Littafin Darasina

Malama Benedicta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Baba Pius da ƙafar tasa? In kin bi ta unguwar Wulari ki leƙa uwar 'ya'yana, Yagana, ki ce mata ina nan ƙalau. Gadi nake yi a nan garin Tamanrasat, can cikin hamada, ba wuya, sai dai tarin da ya ƙi tafiya, shi ma da sauƙi.

Ɗana Umara ya rubuto cewa adabin duniya kike koya musu, zangon nan duk labaran tafiye-tafiye ne, kuma da tsohon littafin darasina kike aiki. Na gode da kika adana shi. Sai dai yaron ya rufe wasiƙarsa da tambayar motar da ake shiga daga Agadas zuwa nan.

Na san inda ya samo wannan. A shafin ƙarshe na rubuta da jan biro cewa matafiyi kan dawo gida ya fi yadda ya fita. Shekara goma sha tara ina sa ku haddace shi, alhali a lokacin ban taɓa wuce Kano ba. Waɗanda suka dawo ne suka rubuta littattafan nan, Malama. Mu da muka maƙale a hanya, wa zai buga namu?

Ban ce ki daina koyarwa ba. Shafin kawai za ki yage. In Umara ya tambayi dalili, ki ba shi takardar nan ya karanta a gaban aji, har da maganar tarin.

Allah ya yi miki albarka.

Tsohon malaminki,
Bukar Modu