Bidiyona Ya Mayar da Surukina Bahago

Malam, don girman Allah ka taimake ni kafin ƙarshen wata. Na jawo wa gidan surukaina rigima da hannuna, alhali wallahi alheri na nufa.

Bari in fara da godiya ga Allah. Surukina, wanda duk muke kira Baba, kafinta ne tun yana saurayi. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya ƙera rabin kujerun unguwarsu ya koma sai an ba shi abinci a baki. Ni da matata muka yi ta jigilarsa zuwa gashi a asibiti, yana yi mana faɗa a hanya, muna shanyewa. To yanzu hannun ya dawo, Malam. Bai dawo duka ba, amma ya dawo. Ko yanzu da nake rubutun nan, in na tuna sai in ji sanyi a raina.

Yayar matata tana aure a can nesa, ba ta ga wannan sauƙin da idonta ba. Ita ce babba, kuma irin mutanen nan ce da ba a sallamar su da "jiki da sauƙi". Tun farkon ciwon take cewa a kai mata Baba ta yi jinyarsa. Shi kuwa ya rantse daga ɗakinsa sai kabari.

Ni malamin makaranta ne, amma ina da ciwon ɗaukar bidiyo. Ina da tsohuwar kyamara da na saya ta hannu, da wani gilashin kyamarar hoto irin na da, da adafta, wato ɗan bututun da ke haɗa su. In an ɗaura shi, fuskar mutum takan fito tar, bayansa ya yi dishi-dishi kamar a fim. Matsalarsa ɗaya: komai a kife yake fitowa, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Na ce bari in ɗauki Baba da shi, Yaya ta gani hankalinta ya kwanta, tunda gani ya kori ji.

Sai da muka yi ta lallashi kafin ya yarda, don Baba ko waya ba ya bari a haska masa a fuska. Na ɗauka ina karkata kai kamar ƙadangare, in na so bin sa dama sai in tafi hagu. Amma abin ya yi kyau. Ya ɗaga kofin shayi da hannun nan na dama, yana rawa, har bakinsa, bai zubar ba. Sannan ya ɗauki fensir ya maƙala a bayan kunne yadda ya saba a shago. Matata ta fita tsakar gida ta yi kukanta. Na dawo gida na sa a kwamfuta, na danna wani wuri, hoto ya miƙe, kai ya koma sama. Na tura wa Yaya ina jiran yabo.

Abin da ya dawo ba yabo ba ne. Ta ce mun raina mata hankali: da hagu Baba ya ɗaga kofin, hannun dama kuma yana nan yashe a cinyarsa. Ta ce ma ba ɗakinsa ba ne, wai tagar ɗakin Baba ba a wannan gefen take ba, mun kai shi wani wuri mun ɓoye mata. Ka ji fa, har da taga! Na ce wannan neman magana ne. Amma da na sake kallo, Malam, hagun ce. Ni da na tsaya a gabansa na ga dama da idona.

Yanzu ta daina ɗaukar wayar ƙanwarta, ta ce ƙarshen wata mijinta zai zo da mota ya tafi da Baba. Baba ya ji labari, ya ce ba zai sake zama a gaban kyamara ba, shi ba abin kallo ba ne. Mai shagon da na sayi adaftan ya ce sai na sayi wani ƙarin gilashi mai miƙe hoto, kuɗinsa ya fi na kyamarar kanta, kuma ko na saya ba zai gyara wanda aka riga aka ɗauka ba. Ainihin ɗaukar dai tana nan a memori, wato katin ajiyar kyamarar, ban goge ba. Akwai mafita mai sauƙi, ko garin neman gira na rasa ido?

Surukin Kafinta

AMSA

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Idonka yana nan, girar ma za ta samu, kuma ko sisi ba za ka kashe ba.

Adaftan nan ba kife hoto kawai yake yi ba. Juya shi yake yi gaba ɗaya, kamar ka juya faranti a kan tebur rabin zagaye: sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Kai kuma ka danna wurin kifewa, wanda ke gyara sama da ƙasa kaɗai, ya bar maka hoto irin na madubi. Koma kan ainihin ɗaukar, ka nemi wurin juyawa, ka zaɓi digiri ɗari da tamanin. Kofi zai koma dama, taga ta koma gefenta. Kafin ka tura, duba aljihun rigar Baba, ko agogon bango in akwai, ka tabbata suna yadda ka san su.

Don gaba, kada ka yi gaggawar sayen gilashin mai shago. Yana aiki, ba ƙarya ya yi maka ba, amma yana da tsada, yana ƙara nauyi, yana kuma rage haske. Mafi araha shi ne ka ci gaba da ɗauka a kife kana juyawa a kwamfuta. In karkata kai ne ya dame ka, nemi ƙaramin allon kallo da ake jonawa da kyamararka, ka ɗaura shi kai a ƙasa, za ka ga komai daidai. Wasu kyamarorin kuma, in ka kanga ɗan maganaɗisu kusa da mahaɗar allonsu, hoton allon yakan kife. Sai dai ba duka ke yi ba, sau da yawa rabin gyara ne, kuma masu kyamara mai kaset su nisanta shi da kaset ɗin.

Saura maganar Yaya, kuma ita ce babba. Kai ba ka yi ƙarya ba, amma ita ma ba ta yi ba, abin da ka tura mata ta faɗa. Tura mata bidiyon biyu tare, wanda ya ɓaci da wanda ka gyara, ka ce mata kuskurenka ne, idonta ya fi naka. Kada ka haɗa da "ai na faɗa miki". In mijinta zai zo, ku ce ta biyo shi, ta zauna a gaban Baba ya miƙa mata kofin da kansa. Maganar tafiya da shi kuwa, a bar wa mai hannun ya yanke.

Kuma ka daina yi mata dariyar taga. Kai kullum kana shiga ɗakin nan, ka kalli bidiyon ba ka lura ba. Ita tana can nesa, kallo ɗaya ta yi ta san tagar mahaifinta ba a nan take ba. Kewa ce ke damun baiwar Allah, ku ji tausayinta.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa hannun Baba ƙarfi har ya koma riƙe guduma.