Wayar Totur ta Moton Zulkarnaini

Maamobi, Alhamis 2 ga Oktoba

Ƙanena Zulkarnaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ƙafarka kuma ta daina kumburi. Mu nan sai godiya. Malam Tijani, da yake zuwa ba ku sallar Juma'a, shi zai kawo maka wannan, da gari da yajin da na daka maka.

Albishir. An sa ranar auren autanmu Mubashir da Nadia, Lahadi 26 ga wata. Tun da na ji nake kuka ina dariya, har masu sayen wake da shinkafata suna tambaya ko lafiya. Da ma kana nan.

Abu na biyu, 'yan sanda sun sako motonka, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu. A bayan aboboya, keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, aka kawo shi, gabansa a lotse, duk ya yi tsatsa. Ni ko kallonsa ba na so, amma Mubashir ya kai wa Masta Musah makanike a kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai. Mubashir ya ce a kan moton zai ɗauko amarya daga Nima zuwa gida, abokansa na biye da motocinsu, don unguwa ta ga gidanmu bai sunkuyar da kai ba.

Na je wajen Muniratu, matar marigayi Kassim tela da moton ya buge, don kada ta gan shi kwatsam ranta ya ɓaci. Ka san abin da ta ce? "Yaya Abiba, ƙarfe ba shi da laifi. Zulka ma yaro ya kauce wa, ajalin mijina ne ya zo." Har ta ce ita za ta kama mini girkin biki. Wannan mata Allah ya saka mata.

Lauya ya ce a watan gobe za a duba ƙarar da muka ɗaukaka. Ka yi ta addu'a.

Yayarka,
Abiba

*

Gidan yari, Laraba 8 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Mubashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina taya ka murna. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya.

Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka hau moton nan. Kada ka tayar da shi ma. Ka bar shi a garejin Masta Musah, ka zare batirin, ka ba Yaya Abiba makullin.

Kai moto mai ƙafa biyu ka iya, wannan kuwa wani abu ne daban. Ba ya kwanciya a kwana. Idan ba ka zuba nauyin jikinka ta cikin kwanar ba, sai ya ɗaga ƙafa biyu ya kifa a kanka, kuma nauyinsa ya fi na mutum uku. Don gona da rairayi aka yi tayoyinsa, ba don kwalta ba. Kujerarsa tana da tsawo ne don mai tuƙi ya riƙa matsawa gaba da baya, ba don a goya wani ba. Amarya da doguwar riga da mayafi, ga taya a buɗe kusa da ƙafarta, ka yi tunani.

Ka nemi mota ka sa matarka a ciki. Ban taɓa neman wani abu a wurinka ba sai wannan.

Ka gaida Yaya da surukanmu.

Yayanka,
Zulkarnaini

*

Maamobi, Alhamis 16 ga Oktoba

Bra Zulka,

Salam. Na gode da addu'a, Nadia ma tana gaishe ka.

Bra, na ji tsoronka, kuma ban ga laifinka ba, duk wanda ya ga abin da ka gani dole. Amma ka kwantar da hankalinka. Ba wasa muka yi wa moton nan ba. Mun sa sababbin tayoyi huɗu, iska daidai da abin da aka rubuta a jikinsa. An juye baƙin mai, an canja filogi, an wanke kafireto. Birki gaba da baya sabo. An miƙe ƙarfen gaba, an ɗaure kowane noti. Wayar totur ce kawai Masta ya bari, ya ce kusan sabuwa ce, ashe kai ka sa ta.

Kwana huɗu ina gwada shi a filin Kawukudi, ina zagaye. Wallahi kamar ruwa yake tafiya. Na sayi hular kwano biyu. Nadia ta ce tata za ta ɓata mata ɗaurin kai, na ce ko hula ko ta shiga trotro, motar haya, ta zaɓa. Za ta naɗe rigar, mayafi kuma a cikin jaka. A hankali zan tafi, daga gidansu mu sauko babban titi, mu shiga kwanar lungunmu, shi ke nan.

Shekara ɗaya da rabi ana nuna gidanmu da baki. Ina so ranar nan a nuna shi da hannu ana tafi. Ka bar ni da wannan, Bra.

Naka,
Mubashir

*

Gidan yari, Asabar 18 ga Oktoba

Yaya Abiba,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta. Na san ogan da yake duba wasiƙunmu zai riga ki gani, na san kuma abin da hakan zai yi wa ƙarata. Ba komai.

Babu yaron da na kauce wa ranar Sallar nan. Babu kowa a hanya. Ƙarya na yi wa kotu, na yi miki, na yi wa Muniratu.

Ana jibi Sallah wayar totur ta tsinke, wato wayar da ke ƙara wa inji wuta idan an danna da babban yatsa. Na zaga Abossey Okai ban samu irinta ba, sai na sa ta moto mai ƙafa biyu. Ta gaza da kamar tsawon yatsa. Idan ana tafiya miƙe, ko ana zagaye a fili, lafiya lau. Amma da zarar an karya kan moton zuwa dama har ƙarshe, sai wayar ta ja kanta, injin ya ɗauki wuta shi kaɗai. Na gane haka tun a ranar. Na ce ai na sani, zan kiyaye, bayan Sallah na canja. Ina son a gan ni a kai.

Da na zo kwanar lungunmu mutane na ihu suna kiran sunana, na manta. Na karya kan. Moton ya yi tsalle. Kassim yana zaune a gaban shagonsa yana sa maɓalli a rigar wani. Ya ɗago ya dube ni, Yaya. Ga jan maɓallin kashe inji a ƙarƙashin yatsana, ban taɓa shi ba.

Kwanar nan Mubashir zai shiga, da Nadia a bayansa, da mutane cike da lungu. Dama ce, kuma matsattsiya, dole ya karya kan har ƙarshe.

Ba zai yarda da magana ba, ki nuna masa. A ɗora bayan moton a kan bulo yadda tayoyin baya ba za su taɓa ƙasa ba, a kori kowa daga gabansa, a tayar, a sa giya, a juya kan zuwa dama. Kada kowa ya hau.

Ki yi abin da kika ga dama da ni bayan haka.

Ƙanenki,
Zulkarnaini

*

Gidan yari, Litinin 27 ga Oktoba

Yaya Abiba,

Sallama. Jiya ne bikin. Ban san komai ba.

Ranar Juma'a na ba Malam Tijani wasiƙa na ce ya ba ki a ranar, hannu da hannu. Kunya ta hana ni gaya masa abin da ke ciki. Me ya sa ban gaya masa ba? Ranar Asabar na roƙi oga ya bar ni na kira ki, wayarki ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Ta Mubashir a kashe.

Duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai na miƙe, ina jiran a kira sunana a ce na yi haƙuri. Don Allah ko layi ɗaya. Suna da rai?

Zulkarnaini

*

Maamobi, Alhamis 30 ga Oktoba

Zulkarnaini,

Wa alaikumus salam. Suna da rai, su biyun. Ba wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don kada zuciyarka ta tsaya kafin ka kai ƙarshe.

Daga wurinku Malam Tijani ya wuce jana'iza a Kasoa. Sai safiyar Lahadi, bayan an ɗaura aure, ya ciro takardar daga aljihu ya miƙo mini, ina tsaye a kan tukunya. Na so na ajiye sai an watse. Ban san abin da ya sa na buɗe ba. Ka san karatuna a hankali ne. Ina kai wajen kwanar lungu na ji ƙarar moton a ƙofar gida, an yi masa ado da balan-balan, za a tafi ɗauko amarya.

Na fita da gudu ba takalmi, na tsaya a gabansa. Mubashir ya ce, "Yaya, matsa, ana jiranmu." Na ce, "Kashe." Ya ce, "Bra Zulka ne ko? Tsoro ya cinye shi a can." Na ce, "Ko ka kashe ko ka bi ta kaina." Abokansa na dariya. Ni kuwa na san da ya ce zai kauce mini, dama zai juya.

Masta Musah ne ya miƙa hannu ya kashe. Na nuna masa ƙarshen wasiƙar kawai. Ya karanta, ya sa aka kawo bulo huɗu. Maza shida suka ɗaga bayan. Ya kori mutane, ya tayar, ya sa giya. Ya juya hagu, shiru. Na ce masa dama ce, ya juya dama.

Zulka, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tayoyin suka riƙa juyawa har ba a ganinsu, moton yana girgiza zai sauko daga kan bulo, ba hannun kowa a kan totur. Mata suka watse da salati. Masta ya buga jan maɓallin. Mubashir ya zauna a bakin gota da farar shaddarsa, ya yi amai.

Da na waiga, Muniratu tana bayana da ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallon moton. Ta ce, "Yaya Abiba, wa ya gaya miki dama ce?" Ta miƙo hannu, na ba ta wasiƙar. A tsaye ta karanta ta duka. Ta linke, ta sa a zaninta, ta koma ta gama raba wa baƙi abinci har tukunyar ƙarshe, ta wanke hannu ta tafi. Tun ranar ƙofarta a rufe take.

A taksi aka kawo amarya. Masta ya yanke wayar gida uku, ya cire ƙafafun moton. Mubashir ba ya son a ambaci sunanka, jiya kuma na same shi yana kuka yana tambaya ko ana ba ka magani. Lauya ya ce sai kun zauna.

Shekara ɗaya da rabi ina rantse wa mutane a kanka. Ka ceci ƙanenka, na sani. Sauran ban san inda zan ajiye shi ba tukuna. Ga gari nan, ban samu daka yaji ba.

Allah ya yafe mana.

Abiba

*

Maamobi, Alhamis 6 ga Nuwamba

Malam Zulkarnaini,

Assalamu alaikum. Muniratu ce, matar Kassim.

Takardarka tana hannuna. Ban kai wa kowa ba, ban kuma ce ba zan kai ba. Yafewar da na yi a da, wani labari na yafe, ba wannan ba.

Na karɓi izinin ziyara, ranar Laraba mai zuwa ce. Zan zo ni kaɗai. Kai ne mutum na ƙarshe da mijina ya kalla, ina so na ji daga bakinka, kana kallona.

Idan an kira sunanka, ka fito.

Wassalam,
Muniratu