Na yi wa surukina hon don kada sanyi ya fita

Anti Balaraba, don Allah ki taimake ni kafin baƙin ciki ya kwantar da ni. Ban iya tsara wasiƙa ba, a jaridun naɗe kifi na koyi karatu, ki karɓe ta yadda ta zo.

Ni ɗan Argungu ne, ɗanyen kifi nake kai wa Madam Yewande mai gidan abinci a Birnin Kebbi. Dabarata esin mota, na'urar sanyi. In na jera giwan ruwa a kujerar baya, sai in rufe gilashi ruf, in ƙure esi, ba na tsayawa sai ƙofar shagonta. A zafin bazarar nan, kana buɗe ƙofa sanyi ya tsere, kifi ya saki, Madam ta shinshina ta ce a mayar. Ta taɓa yi mini.

Ran nan kafin in kai Ambursa na hango mutum a bakin titi, fartanya a kafaɗa, yana ɗaga hannu. Sai da na zo daf na gane Malam Hodi ne, mahaifin Sharifa, wadda aka sa mana rana bayan girbin shinkafa. Ashe babur ɗinsa ne ya mutu a fadama. Na yi masa hon, na ɗaga hannu ta cikin gilashi, na wuce, a raina in na sauke kifi zan dawo in ɗauke shi. Da na dawo babu shi. Da ƙafa ya taka har gidansa a Ambursa cikin ranar nan, ya kwanta ciwo.

Sati bai zagayo ba aka dawo mana da kayan sa rana. Malam Hodi ya ce wa Kawu Atiku, ƙanen mahaifiyata, ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda ya gaishe shi da hon kamar akuya ta tare hanya ba. To mi na yi, Anti? Sata na yi? Yawo na tafi? Kifin nan da shi nake haɗa lefen ɗiyar tasa! Masu cewa na yi girman kai, waninsu ya taɓa zubar da kifi ruɓaɓɓe a bola?

Abin da ke cin raina, esin nan don Sharifa na gyara shi tun farko, don kada ta yi gumi ranar ɗaukar amarya. Yanzu ba ta ɗaga wayata. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Jiya na kunna esin, sanyin ya bugi fuskata, sai na kashe na kifa kai a sitiyari. Abokai sun ce mata ba su ƙare ba. Ni ita nake so. In je in ba da haƙuri a kan abin da ban ga laifina ba, ko in haƙura?

Mai kifi, Argungu

AMSA

Ɗana mai kifi, na ji zafin da ke ranka, kuma ban ga mugunta a cikinsa ba. Neman halak kake, ka kuma yi niyyar dawowa. Amma niyya a cikin ciki take, Malam Hodi bai gan ta ba. Abin da ya gani, yaron da zai zama ɗansa ya wuce shi a rufe cikin sanyi, shi yana tsaye a rana. Ko baƙo ne ya ɗaga maka hannu a wannan zafi ya cancanci tsayawa, balle suruki. Shi ma ya yi saurin yanke hukunci bai ji ta bakinka ba, sai dai ba kai za ka faɗa masa haka ba.

Sanyin da ka ji wa tsoro, da ka buɗe ƙofa ya shiga ka rufe, kafin ku yi nisa ya dawo. Esi kuma ba firji ba ne. Sayi kula mai riƙe sanyi, ka sa ƙanƙara ka zuba kifinka, ka samu damar tsaya wa mutane.

Ka daina kiran Sharifa. Shirunta biyayya ce ga mahaifinta, ba shaidar ta daina sonka ba. Ka ɗauki Kawu Atiku da wani dattijo da Malam Hodi ke jin nauyinsa, ku je Ambursa. Ka bar zancen kifi da lefe a gida, harshen nan naka ma ka ɗaure shi. Ka fara da tambayar jikinsa, sannan ka ce ka yi kuskure, ka yi shiru. Ban yi maka alkawarin zai sauko ran farko ba, in bai sauko ba ka sake komawa.

Motar kuwa ka ajiye ta a bakin titi, ka ƙarasa da ƙafa cikin rana, ya gan ka da gumi a ƙofar gidansa. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa Sharifa rabonka ce.

Anti Balaraba