Takalmin Da Na Baro A Borokiri

Zuwa ga Mai Sunan Baba, a Fatakwal.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan unguwar Asata a Inugu. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ni kam mura nake fama da ita, kuma ina zargin ka san inda na samo ta.

Gara in faɗa da bakina. Dattijon nan mai baƙin tabarau da rawani har hanci, wanda mata masu ƙyafe kifi suka jawo daga ruwa da gora ran Talata a bakin gaɓar Borokiri, ni ne. Bayan wani jirgin katako na laɓe, wanda na gani zaune a kan taɓo, ina leƙenka. Ba wanda ya gaya mini ruwan garinku fita yawo yake yi ya dawo. Mu a Inugu in ka bar ƙasa, ƙasa za ka tarar. Sai na ji sanyi a ƙwauri, kafin in gama salati ya kai ƙugu. Takalmina na dama can ya zauna.

Takardarka ce ta kai ni. Wai ka ajiye aikin akawu a kamfanin mai, za ka koyi gyaran injin jirgin ruwa a wurin wani tsoho, don ranka ba ya son ofis. A wannan zamani da kowa ke gudu zuwa ga mai, kai ne mai gudu daga gare shi? Aikin da na yi wata uku ina zarya gidan wani Alhaji kafin a samu, har karen maƙwabcinsa ya daina yi mini haushi?

Aji uku na yi a elemantare, ba a koya mana wani ciwo mai suna "raina ba ya so" ba. Saboda haka na yi nawa lissafin. Ko korarka aka yi kana rufa mana. Ko mace. Ko wani a ofis ya yi maka asiri don kujerarka. Ko ka fara shan abin nan da ake naɗewa a takarda.

Da zafin wannan na tashi a masallaci bayan La'asar, gaban Liman da jama'a, na rantse da Allah in ka bar aikin ƙafata ba za ta taka inda kake ba. Kwana tara rantsuwar ta yi. Na goma na hau mota, na ce wa Innarka Anacha za ni sayen sabulu.

Ga abin da na gani kafin ruwa ya iso. Na ga ka kara kunne a jikin inji, idonka rufe, hannunka baƙi ƙirin. Ka murɗa wani ɗan abu, ka ja igiya, inji ya tashi, ka ƙyalƙyale da dariya. Rabona da jin wannan dariya tun kafin ranar da muka hau jirgin ƙasa muka gudu Arewa gab da yaƙin basasa, kana rungume da rediyon da ka farke mini. Shekara biyun da ka yi a ofis, in ka zo Sallah a rame kake, ba ci ba magana. Ni kuwa ina gaya wa mutane haka manya suke.

Abin kunyar shi ne na san ciwon. Baba, mai sunanka, mahauci ne, ni kuma in na ga jini sai jiri. Na gudu na bar masa wuƙarsa. Na sayar da agogo a Anacha, duk wanda ya saya sai ya dawo da shi. Na yi gadi, aka sace bencin da nake barci a kai. Sai a wankin hula na sami kaina. Da muka dawo bayan yaƙi ban tarar da ko tsinke ba, sai kawunan katakon da nake kifa huluna a kai, maƙwabciyarmu Mama Ngozi ta ɓoye mini su a ƙarƙashin gado. Na rungume su ina hawaye kamar 'ya'ya.

Baba yakan ce, "Wanda ya ƙi wuƙar ubansa zai ci tuwo ba nama." Bai yi ƙarya ba. Amma har ya rasu bai sa wa sana'ata albarka ba, kuma wannan ya fi rashin nama ciwo.

Jiya direban motar Fatakwal ya miƙo mini ƙunshi a rumfata a kasuwar Ogbete. Takalmina ne, an wanke shi, an ɗinke maɗaurinsa da zaren taru. Ba takarda. Ashe ka gan ni. Ashe zanen da tsohon nan maigidanka ya kawo mini na ɗaura, yana danne dariya, aike ne. Ka kau da kai don kada mu haɗa ido ina tsiyayar ruwa. Na gode, ɗana.

Kada ka ɗauka zargina ya ƙare. Yarinyar da ta kawo maka abinci a kwano, na ƙirga kifi uku a kai, na sauran ma'aikatan ɗaya ɗaya. Wace ce? Kada ka ba ni amsa, Innarka za ta tambaya.

Direban nan bakinsa ba ya rufuwa, labari ya riga ni zuwa masallaci. Na gaya wa Liman ai ruwa na taka, ba ƙasa ba. Ya ce in bar wasa. Ya dubi rumfata, ya ga ciyar da mutum goma ya fi ƙarfina, ya ce azumi uku.

Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na ƙarfe. Ya sa wannan sana'a ta karɓe ka, ya ba maigidanka haƙuri da kai.

Litinin zan fara azumin, ka san kuwa yadda nake da cikina. Amma akwai wanda ya fi shi nauyi. Kai ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa dubanka ido da ido na ce Allah ya yi maka albarka ba. Takarda ba za ta sauke mini wannan ba. Zan zo, ta ƙofa, ba tabarau. Ka dai aiko mini da lokacin da ruwanku yake fita yawo.

Mahaifinka,
mai wankin hula na Ogbete.